Suna da Albashi: Mu Auna Aikin Samanja Mazan Fama

 

Ran kasuwar Badagishiri wani dattijo ya tare ni a rumfar masu hatsi. Bayan mun gaisa sai ya ce yana da magana. Ɗansa ya yi makarantar boko har ya iya Faransanci. Yanzu yaron ya ce shi ba zai riƙe hauya ba, ba kuma zai tafi ci-rani ba. Aikin rediyo yake so. Daga rediyo, in Allah ya yarda, ya shiga talabijin, duniya ta san fuskarsa. Dattijon ya dube ni, ya ce: "Malam, kai da kake karanta takardu, gaya mini gaskiya. Akwai abinci a cikin wannan aiki kuwa, ko suna ne kawai?"

Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Tambayar babba ce, kuma ba shi kaɗai ke da ita ba. Ga amsata a rubuce, don kowa ya karanta.

Hatsi da tiya ake auna shi. Mu ma sai mu nemi tiyar da za mu auna wannan aiki da ita. Na zaɓi mutumin da tsofaffinmu suka sani sarai, wanda muka fara jin muryarsa a rediyo kafin wasunmu su ga fuskarsa a talabijin. Shi ne Samanja Mazan Fama. Za mu duba kyan aikinsa, mu duba inda ya gaza, mu duba kuma inda abincinsa ke fitowa. Abubuwan nan uku a ɗaure suke da juna.

Wane ne Samanja?

Sunansa na yanka Usman Baba Pategi. An haife shi a shekarar 1942 a garin Pategi, bakin kogin Kwara, a ƙasar Nufawa cikin Nijeriya. Ɗan gidan sarauta ne. Da ya girma sai ya tafo Kaduna neman aiki, har ya shiga gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa, wanda aka buɗe a 1962. Ya kuma yi aikin soja a zamanin yaƙin basasar Nijeriya, wanda aka yi daga 1967 zuwa 1970.

A bariki ya ga irin mutumin da ake kira samanja. Samanja muƙami ne na soja, kamar ajidan a sojan ƙasarmu. Yana sama da kurata, yana ƙasa da manyan hafsoshi. Shi ke faretin safe, shi ke tsawa, shi ke horo. Usman Baba ya lura da tafiyarsu da maganarsu da fushinsu. Daga nan ya ƙago wasansa, wanda ya fara fita a Kaduna a 1973. An ji wasan a rediyo, an gan shi a talabijin, har sunan wasan ya binne sunan mai shi. Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna ran 12 ga Nuwamba 2023, bayan doguwar jinya, yana da shekara 81. Allah ya jiƙansa.

Lokacin da muke jinsa ba mu ganinsa

Matasa su tambayi iyayensu yadda ake sauraron rediyo a da. Akwatin rediyo ɗaya kan ishi unguwa. Mai shi yakan ajiye shi bisa tabarma bayan sallar lisha, jama'a su kewaye. Ana tattalin pil kamar yadda ake tattalin iri. Muryar Sahel daga Yamai muke kamawa, da Rediyon Kaduna, wanda ke ƙetare iyaka ba tare da ya nuna takarda ga kowa ba.

A irin wannan zama muka san Samanja. A ganina, a nan ne gwanintarsa ta fi fitowa. Dalili kuwa, ƙarfin wasan a harshe yake. Samanja yana magana da Hausar bariki, wadda sojoji na ƙabilu dabam dabam ke yi don su fahimci juna. A irin wannan Hausa ana iya ce wa mace "ya zo". Yana gauraya ta da Turancin da bai gama nuna ba. Yana faɗin kuskure da murya mai ƙarfi, kamar shi ne sarkin malamai. Kurtu na jin kuskuren, amma ba shi da bakin gyarawa.

Abu na biyu shi ne yadda yake juya murya. Gaban kurata zaki ne. Hafsa na shigowa sai muryar ta sauko, ta yi laushi. In ya koma gida wurin iyali, sai ka ji wata murya ta uku, ta mutumin da tsawarsa ba ta ci a ko'ina ba. Da kunne kawai kana sanin wa ya shigo ɗakin. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Me ya sa mu mutanen Adar muka so shi, alhali yawancinmu ba mu taɓa shiga bariki ba? Saboda mun san mutumin. Garuruwanmu sun ga mazan jiya, tsofaffin sojan Faransa, masu tsawa da Faransancin bariki. Mun san ɗan ƙaramin ma'aikaci mai hura hanci gaban talaka, mai rawar jiki gaban kumandan. Mun san mutumin da ke jin kunyar cewa "ban sani ba". Da Samanja ya yi magana a rediyo, kowa sai ya ɗora masa fuskar wanda ya sani. Mutum ɗari na saurare, Samanja ɗari ke cikin zukata.

Ga kuma amfanin da wasan ya yi. A lokacin nan talaka na tsoron kaki ƙwarai. Samanja ya nuna cewa a cikin kakin nan mutum ne, mai iyali, mai bashi, mai kuskure. Wanda ka yi wa dariya, tsoronsa ya ragu a zuciyarka. Su ma sojojin sun ga kansu a madubi.

Amma akwai abin lura. Dariyar da ake yi wa karyayyar Hausa tana da kaifi biyu. In an yi ta don a nuna mai girman kai, ta yi kyau. In yara suka ɗauke ta suna kwaikwayon Buzu ko Bafillace da ya zo kasuwa yana Hausa iyakar iyawarsa, ta zama raini. Mutumin da ke magana da harshenka bayan nasa ya fi ka harshe ɗaya. Shi Usman Baba ɗan Nufawa ne, kuma ya zauna cikin masu wannan Hausa, ya san su. Masu kwaikwayonsa da yawa sun ɗauki karyayyar Hausar, sun bar hikimar.

Da hoto ya zo

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ƴan ci-ranin da suka je Sakkwato da Kano da Kaduna su suka fara kawo mana labarin kamanninsa. Suka ce mun gan shi cikin kaki, mun ga yadda yake zare ido, mun ga yadda yake ƙamewa.

Talabijin ya ƙara masa abubuwa, babu shakka. Ƙamewar soja abin gani ne. Zare ido da taku da yadda kurtu ke rawar jiki, duk ido ke cin su. Talabijin ya kuma kai shi gidajen waɗanda ba su jin Hausa. A shekarun 1980 an riƙa nuna wasan a tashar talabijin ta ƙasar Nijeriya baki ɗaya. Sunansa ya kai har bakin teku.

To, amma kowace riba da kuɗinta. Don mutanen kudu su gane, sai aka ƙara Turancin buroka a cikin wasan, Hausa ta ja baya. Manomin da ya fara son Samanja saboda harshe sai ya zama baƙo a wasan. Na biyu, hoto ya kashe Samanja ɗarin nan da ke cikin zukata, ya bar guda. Na uku, rediyo yana bin mutum gona da rijiya da bayan jaki, ba ya hana hannu aiki. Talabijin kuwa sai an zauna, sai da wuta, kuma a wancan zamani sai a birni ko gidan mai hali. Saboda haka a wannan wuri ban yarda gani ya kori ji ba. Hoto ya ƙara masa suna. Murya ce ta ba shi masoya.

Mu ma a Nijar mun bi wannan hanya. An buɗe Rediyo Nijar a 1958. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo, inda ake taruwa a saurari shiri, a yi mahawara, a ɗauki muryar mutanen ƙauye a kai Yamai. A 1964 aka fara talabijin na makaranta. A 1979, zamanin Seyni Kunce, Tele Sahel ta fara aiki don jama'a duka. Gwamnati ta rarraba akwatunan talabijin na gayya a garuruwa, wasu masu aiki da hasken rana. A nan jama'a suka ga fuskar Yazi Dogo da ƴan wasan Damagaram, waɗanda aka saba jin wasanninsu na Hausa a Muryar Sahel. Yazi Dogo malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da wasa. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Daga ina abincinsa ke fitowa?

Yanzu mun zo kan tambayar dattijo. Mai magana a rediyo ba ya sayar da gero, ba ya sayar da albasa. Mu da muke saurare ba mu biyansa ko dala. To, wa ke ciyar da shi?

A zamanin Samanja amsar guda ce: gwamnati. Gidajen rediyo da talabijin duka nata ne, a Nijeriya da Nijar. Wanda aka ɗauka aiki yana karɓar albashi a ƙarshen wata, bisa ga matsayinsa a takarda, kamar malamin makaranta ko malamin asibiti. Wanda ba ma'aikacin gidan ba ne, aka kira shi ya yi wasa, ana ba shi ɗan lada a kan wasan da ya yi. Bayan wannan sai abin da masoya suka ba mutum don jin daɗi, da abin da ya samu in an gayyace shi wasa a wani taro.

Ku lura da abu guda. Albashi ba ya bin yawan masu saurare. Ko mutum dubu suka ji ka, ko miliyan goma, abin da ke cikin takardarka shi za a ba ka. Faifan da aka ɗauka kuma yana zama a gidan rediyon. In an sake sa shi bayan shekara goma, jama'a za su sake dariya, amma tukunyar mai wasan ba ta san an yi ba. Yau ma guntayen wasannin Samanja suna yawo daga waya zuwa waya. Mai turawa bai biya ba, mai karɓa bai biya ba.

Shi ya sa na ce ku riƙe maganar Yazi Dogo. Manyan ƴan wasan wancan zamani da yawa suna da wani aiki a hannu. Wannan malamin makaranta ne, wancan soja, wancan ma'aikacin ofis. Aikin ke ciyar da gida, wasan ke kawo suna.

Ladan kuturu

Albashin gwamnati ya yi wa wasan Samanja alheri guda babba. Ku dubi maroƙi. Abincinsa a hannun wanda yake wasawa yake. In mai kuɗi ya ba shi riga, dole gobe ya ce babu kamarsa. Samanja bai shiga wannan ƙangi ba. Ba ya buƙatar ya ambaci sunan wani alhaji kafin a ɗora tukunya a gidansa. Saboda haka wasansa ya tsaya kan halin mutane, bai zama roƙo ba. Abin da ya sa bai tsufa da wuri ba ke nan.

Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sojoji sun mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1979, suka komo daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Mafi yawan shekarun tashen Samanja a ƙarƙashin mulkin soja suka faɗo. Masu kakin da yake wasa da su, manyansu ne ke riƙe da ƙasar, su ne kuma masu gidan rediyon. To, ina dariyar ta tsaya? Ta tsaya a bariki, tsakanin samanja da kuratansa da iyalinsa. Ni dai a iyakar saurarona ban ji ta hau matakala ta shiga fadar masu mulki ba. An ba mu ƙaramin mai tsawa mu yi masa dariya. Wanda ya ba shi sandar, ba a kawo mana shi ba.

Ban faɗi wannan don in zargi mamaci ba. Wanda ya san zamanin ya san abin da kan sami mai dogon baki. A nan gida ma haka abin yake. Wasannin da ake yi a Muryar Sahel da bukin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976, sun taɓa mai cin hanci da mai auren dole da mai almubazzaranci a biki. Sun gyara abubuwa da dama. Amma akwai ƙofar da kowa ya san ba a ƙwanƙwasa ta. Abin da nake so mu gane shi ne: inda abincin mai magana ke fitowa, nan ne iyakar bakinsa.

Mai gona da ɗan ƙwadago

Wani zai ce: ai muna jin labarin masu aikin talabijin da suka yi kuɗi na ban mamaki. Gaskiya ne, akwai su. Bari in kawo misali guda daga Amurka, don mu ga inda bambancin yake.

Akwai wata baƙar mace mai suna Opra Winfri. An haife ta a 1954 a karkara, cikin talauci. Ta fara aikin rediyo tun tana ƴar makaranta, daga nan ta shiga talabijin. Daga 1986 zuwa 2011 tana da shirin hira da ake kallo a Amurka duka da wasu ƙasashe. A 2003 aka lissafa dukiyarta ta kai dala miliyan dubu. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Me ya kawo wannan? Gwaninta tana da ita. Amma gwaninta kaɗai ba ta isa ba. Ta kafa kamfaninta, shirin ya zama mallakarta. Gidajen talabijin su ke biyan kuɗi don su nuna shi, su kuma su karɓi kuɗin talla wurin ƴan kasuwa. Kowane manomi zai gane wannan. Ɗan ƙwadago yana noma, a biya shi ladan yini, ya tafi. In gonar ta yi dame ɗari, ba a ƙara masa zangarniya ɗaya. Mai gona shi ke cika rumbu. Opra mai gona ce. Ƴan wasanmu na da ƴan ƙwadago ne a gonar gwamnati.

Ga kuma ɗaya gefen. Masu kallon talabijin na shekarun 1980 sun san Karkuzu na Bodara, wato Abdullahi Shu'aibu na garin Jos. Ya sa miliyoyin mutane dariya. A ƙarshen rayuwarsa idonsa ya tafi, ya fito da bakinsa ya nemi taimakon jama'a a kan wurin zama. Ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya saya masa gida. Ya rasu a 2025. Allah ya saka wa mai taimako. Amma mu tambayi kanmu: mutumin da ya yi wa jama'a aiki shekara da shekaru, ya kamata tsufansa ya rataya ga tausayin mutum ɗaya? Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yau fa?

Zamani ya sake. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa. A 1994 rediyo mai zaman kansa na farko ya fara aiki a Yamai. A 2000 aka sami talabijin mai zaman kansa, Tenere. Rediyon karkara sun bazu a garuruwa. A Kano an buɗe tashar Arewa24 a 2014, mai shirye-shirye da Hausa, wadda ake kamawa da faranti har ƙauyukanmu. Ga kuma waya, wadda ta mai da kowa mai gidan rediyon kansa.

Alherin wannan a fili yake. Bakuna sun yi yawa. Ana jin Hausar Adar a iska, ba sai ta Kano ko ta Damagaram ba. Manomi na iya buga waya ya faɗi damuwarsa. Yaro mai baiwa ba sai ya san wani babba a Yamai ba kafin a ji shi.

Amma tambayar ba ta sake ba: wa ke ciyar da mai maganar? Gidan rediyo mai zaman kansa yana rayuwa da kuɗin talla, da kuɗin sanarwar biki da rasuwa da cigiya, da katin gaisuwa, da shirye-shiryen da ƙungiyoyi ko ƴan siyasa suka saya. Inda kasuwa ke da ƙarfi, abin na isa. Inda ba ta da ƙarfi, ma'aikata ke shan wahala. A rediyon karkara da yawa aikin sa kai ake yi. Akwai ƴan jarida da ke dogara ga ɗan kuɗin mota da masu taro ke miƙa musu bayan an tashi. Wanda ya karɓi kuɗin motar mai taro, da wuya ya koma ya ce taron bai yi kyau ba.

A ƙarshen 2021 an sa hannu a Yamai kan wata yarjejeniya tsakanin masu gidajen watsa labarai da ma'aikatansu, don a tsara albashi da haƙƙin kowa. Daga Janairun 2024 kuma mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga jika 30 da ƴan kai zuwa jika 42 a wata. Wanda zai shiga aikin ya san da waɗannan. Amma takarda ba ta tafasa tukunya sai an yi aiki da ita.

Nan ne abin ya shafe mu duka, har wanda ba shi da ɗa mai son aikin rediyo. Za ka ji murya mai daɗi, wadda ka saba da ita, tana yabon wani magani, wai yana warkar da cuta goma sha biyu. Za ka ji ta tana yabon wani ɗan takara. Ka tsaya ka tambaya: wannan labari ne, ko talla ce da aka biya? Muryar da ka amince da ita, amincewarka ce ake sayarwa. Samanja yana da ubangida ɗaya, kowa ya san shi, kowa ya san iyakar bakinsa. Mai maganar yau yana iya samun iyayen gida goma, ba ka san ko ɗaya ba.

Amsata ga dattijo

Baba, ga abin da na gani. Aikin rediyo aiki ne na mutunci. Wanda ya iya shi yana ilmantar da mutane fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Samanja ya rasu, amma in an ambaci sunansa a majalisa har yau fuskokin tsofaffi na washewa. Wannan ma arziki ne, ba kowane mai rumbu ke samunsa ba. Kada ka hana yaron in yana da baiwa.

Amma ka gaya masa abu huɗu.

Na ɗaya, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Cikin masu shiga aikin, kaɗan ke kai wa talabijin, cikin waɗannan kuma kaɗan ke tara abin duniya. Kada ya saki gona ko sana'ar hannu tun bai ga abin da ya kama ba. Manyan da suka riga shi ma da wani aiki suka riƙe gida.

Na biyu, ya fara da murya. Ya koyi Hausa mai kyau, ya saurari tsofaffi, ya lura da mutane kamar yadda Usman Baba ya lura da samanjojin bariki. Fuska kowa na da ita. Abin faɗi shi ke da wuya.

Na uku, kada ya yi aiki da alkawarin baki. A rubuta masa takarda: nawa ne albashi, yaushe ake biya, wa ke da shirin in an sake sa shi, me aka tanada masa don ciwo da tsufa. Ya karanta ta da idonsa kafin ya sa hannu. Kai ma, Baba, yanzu da ka iya karatu, ka ce ya kawo ka gani.

Na huɗu, ya san hannun da zai karɓa daga gare shi. Duk wanda ya ba shi, ya sayi wani yanki na bakinsa. Ya bar wa kansa yankin da zai faɗi gaskiya da shi.

Hukuncina a kan Samanja kuwa shi ne: gwani ne na gaske, kuma a rediyo ya fi gwaninta. Albashi ya tsare shi daga roƙo, ya kuma gitta masa shinge. A cikin shingen nan ya yi noma mai kyau, mu muka ci amfanin.

Tambayoyi don mahawara a cibiya

1. Wane shiri kuka fi so a rediyo? Kun san wanda ke biyan kuɗinsa?
2. Ta yaya za ku bambanta labari da talla?
3. In akwai rediyon karkara kusa da ku, me jama'ar gari za su iya yi don masu aikinsa su sami abin kai wa gida ba tare da sun sayar da bakinsu ba?
4. Tsakanin ji da gani, wanne ya fi zama a zuciyarku? Ku kawo misali.

Ku tattauna, ku rubuto mana ra'ayinku da hannunku. Wanda bai yarda da ni ba ma ya rubuto, za mu buga. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan magabatanmu. Sai wani jiƙon.